Musayar Waƙa: Sarkin Ces da Ya Ƙi Fitowa Fage

Bakano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau darar ces na ɗauko, mai baiti ya amsa.

Bismillahi na buɗe zaure,
Sarakunan ces nake son kirawa.
Steinitz ne farkon mai rawani,
A 1886 aka yi naɗawa.
Lasker ya karɓe a 1894,
Shekara 27 ba mai taɓawa.
Ni shi na ɗauka gwanin gwanaye,
Mai musu ga fagen karawa.

Basakkwaciya:
Malam Bakano, sannu da ƙoƙari,
Sai dai lissafinka bai cika ba.
Daɗewa bisa gadon sarauta
Ba shi ke nuna jarumta ba.
Bayan 1910 har zuwa 1921
Lasker bai kare kambunsa ba.
Da Capablanca ya same shi a Habana ta Kuba,
Ko wasa ɗaya Lasker bai ci ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ki yi wa tsoho afuwa,
Haka dara take a zamaninsa.
Sarki ke yanka kuɗin karawa,
Mai ja in bai tara ba, sai gidansa.
Alekhine ya kada Capablanca a 1927,
Ya hana shi damar ɗaukar fansa.
A Fotugal Alekhine ya mutu a 1946,
Rawanin yana nan a kansa.
Daga nan FIDE, hukumar ces ta duniya, ta riƙe ragama,
Kowa ya bi layi ya jira lokacinsa.
Mutum biyar suka kara a 1948,
Botvinnik ya ɗauke abinsa.

Bakano:
To na ji, na saki Lasker. Amma wannan ba wanda zai ƙwace mini shi:

Shekara 24 'yan Sobiyet,
Gida guda ke ta miƙa wa juna.
Smyslov da Tal da Petrosian,
Har Spassky, duk sun yi suna.
Sai ga Fischer ɗan Amurka,
Shi kaɗai, ba runduna.
A Reykjavik ta Iceland ya sha kaye a wasan farko,
Na biyu ya ƙi zuwa ya zauna.
Duk da haka a 1972
Ya tashi da kambu, duniya na murna.

Basakkwaciya:
Ka gudu daga rami ka faɗa rijiya,
Malam, ba ka ƙarasa labarin ba.
A 1975 aka kira Fischer,
Ya jero sharuɗɗa, bai fito ba.
Karpov ya samu rawani a zaune,
Ko doki ɗaya bai motsa ba.
Ɗan damben da ya ji kalangu ya noƙe,
A garinmu ba a yi masa kirari ba.
In maza kake nema, ga Kasparov da Karpov,
Wata biyar ba su rabu ba.
Wasa 48, 40 kunnen doki,
Aka tsayar, ba wanda ya ce ya gaji ba.
Da aka sake a 1985 Kasparov ya ɗauka,
Shekarunsa 22, bai ƙara ba.

Ɗalibin Zariya:
Iyayena, ku ba ni wuri in tsoma baki.

Carlsen na Norwe ya hau a 2013,
Ya kada Anand har cikin Indiya.
Sau huɗu ya kare, sannan ya ajiye,
Ya ce sha'awar ce ta ƙare gaba ɗaya.
Ding na Sin ya ɗauka a 2023,
Gukesh ya karɓe bayan shekara ɗaya.
Ɗan 18 ne, a Singafo aka yi,
Ga Carlsen na gefe, har yau lamba ɗaya.
To shi ma gudu za ki kira shi?
Hajiya, ina jiran amsar tambaya.

Basakkwaciya:
Ɗana, wanda ya ci huɗu ya ce ya ƙoshi,
Ba ɗaya yake da mai ƙin zuwa ba.

Bakano:
Hajiya, bar waƙa, jera 'ya'yanki,
Bayan isha'i ni ke da farare.

Basakkwaciya:
Na jera, Malam. Kai dai ka fito,
Kada ka yi mini Fischer da dare.