Neman shawara: yaya zan kare zanen jakata a ƙasashen waje?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan wurin ɗinkin jakunkunan fata a Kano, akwai sabuwar jakar mata da na zana da kaina ban fito da ita ba tukun, don ta baya ko wata uku ba ta yi ba na gan ta a kasuwa an kwaikwayo an shigo da ita daga waje ana sayarwa rabin kuɗina. Ina da masu sari a Maraɗi da Kumasi da wata a Faransa. An ce min akwai rajista guda ta WIPO (hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya) da ke rufe duk duniya, gaskiya ne? Ta ina zan fara dan Allah?

Barista: Wa alaikumussalam Hajiya. Ba ta rufe duk duniya, tsarin Hague ake ce mata, ofishinsu na Janiba, takarda ɗaya ki zaɓi ƙasashen da kike so cikin waɗanda suka shiga, ki biya da kuɗin Suwizalan. Matsalar ita ce Najeriya ba ta ciki, sai in kina zaune ko kina da masana'anta ko shago na gaske a ƙasar da ke ciki. Ki fara rajista a gida, ofishin rajistar tambari da zane na ma'aikatar kasuwanci a Abuja, shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu ta kai 15. Daga ranar da kika shigar kina da wata 6 ki nema a waje a lissafa miki da ranar farko, yarjejeniyar Paris ce ta ba da wannan.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar muna ƙarƙashin OAPI ne, ƙungiyar rajistar haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ƙasashe 17, har Chadi da Kamaru. Amma Ghana ba ta ciki fa, ita tana wata ƙungiyar daban ce mai suna ARIPO.

Baban Ummi: Ki sa sunan ɗan uwanki na Nijar kawai ya nema miki ta Hague ɗin mana.

Barista: A'a Alhaji, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai zanen a idon doka, ranar da aka ɓata fa? Kuma Hajiya don Allah kar ki ɗora hoton jakar a Facebook ko Instagram kafin ki shigar da takarda, dokar Najeriya ta 1970 sabon zane take karewa, wanda jama'a suka riga suka gani ya tashi daga sabo. Tarayyar Turai kam tana ɗaga ƙafa wata 12 bayan an nuna zanen.

Maman Hanif: Innalillahi, ai na tura wa mai sarin Faransa hoton ta WhatsApp.

Barista: Ita kaɗai da sauƙi, ki kira ta yau ki ce kar ta yaɗa, ta rubuto miki cewa sirri ne, ke kuma ki nemi lauya satin nan.