Me za mu kira sifektiram da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare nan cikin birnin Katsina. Duk shekara in muka iso darasin gane sinadaran taurari ta haskensu, kalmar sifektiram ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yara su haddace ta tsaf, amma ba su san abin da suka haddace ba. Abin na damuna ƙwarai.

Ga abin da ake nufi. In hasken tauraro ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje launi-launi, a cikin launukan kuma ga siraran layuka baƙaƙe. A 1814 Bajamushe Fraunhofer ya ƙirga fiye da 500 a hasken rana. A 1859 masana kimiyya Kirchhoff da Bunsen suka gano cewa kowane sinadari da nasa layukan. Ku barbaɗa gishiri a harshen wuta, za ku ga ta koma ruwan ɗorawa. Sodiyam ne wannan, kuma layukansa suna nan a hasken rana, daidai gurbin wannan launi.

Abokin aikina ya ce mu kira shi bakan gizo. Na ce a'a, wannan na damina ne, yaro zai tsaya neman hadari. Muka daidaita a kan bakan haske.

Layukan ne suka gagare mu, har na kai maganar gaban kawuna a Daura, tsohon wanzami. Ya saurara, ya ce: "Ɗana, ai tsaga kake faɗi. Da can ka ga fuskar mutum, ka san gidansu tun bai buɗe baki ba."

Wallahi ban taɓa jin kalmar da ta zauna haka ba. Tsaga hasken ake yi, sannan a karanta tsagar. A 1868 aka ga wata baƙuwar tsaga a hasken rana, ba a san ko ta wane gida ce ba, aka raɗa wa sinadarin suna hiliyam. Sai a 1895 masanin sinadarai Ramsay ya same shi a doron ƙasa. Da karatun tsaga ne kuma masaniyar taurari Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa galibin jikin taurari haidurojin ne da hiliyam.

To ni dai na tsaya a nan: bakan haske, tsagar sinadari, fannin kuma karatun tsagar haske. Saura sunan na'urar da ake tsaga hasken da ita. Ina da matsagin haske a zuciya, amma malaman Hausa, ku duba mini ginin kalmar kafin in shiga aji ranar Litinin.