Na'urar auna saiwar haƙori: ƙarya ta yi ko ba ta yi ba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ban tauna da gefen dama ba. An cire min jijiyar turmin ƙasa a wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Katsina, zuwa uku na yi, kuɗi kuwa ba a magana. Maimakon mai aikin ya ɗauki hoton haƙorin, sai ya rataya min wani ƙarfe a leɓe kamar ƙugiya, ya zura siririyar allura cikin haƙorin, na'ura tana ta ƙara, ya ce wai ta nuna masa ƙarshen saiwa. Ga shi har yau in na cije sai in ji kamar an soka min tsinke. Wallahi na'urar nan ƙarya ta yi.

Abba Sabon Layi: Sannu Anti, Allah ya sawwaƙe.

Malam Bishir: Hajiya, Allah ya ba ki lafiya, amma kalmar "ƙarya" ta yi nauyi. Shekara da shekaru ina aiki a ɗakin haƙori, na san abin nan. Ƙugiyar leɓen da allurar da ke cikin saiwa su ne bakin waya biyu. Ɗan lantarki kaɗan ne ke bi, wanda ba a ko jinsa, idan allurar ta kusa naman da ke riƙe da saiwa sai awon ya canza, na'urar ta sanar. Ba yau aka fara ba. Wani Bajapane, Sunada, tun 1962 ya nuna haka a bakin mutane. Mai ƙarya shi ne wanda ya san gaskiya ya ɓoye. Ƙarfe da batir me suka sani?

Sagir Ƙofar Ƙaura: Haba Malam. Yaushe Hausa ta koma haka? Agogo in ya yi baya ba cewa muke yi ƙarya yake ba? Sikelin mai nama fa? Kowa ya gane nufinta.

Malam Bishir: Sikeli mutum ne ke murɗa shi. Ka ga ƙaryar ta mutum ce ke nan.

Sagir Ƙofar Ƙaura: To agogon fa, wa ya murɗa shi?

Likita Nura: Ku bari in sa baki. Duk ku biyun kun bar wurin da matsalar take. Ramin jijiya ba a daidai tsinin saiwa yake ƙarewa ba. Yana da wani ɗan maƙogwaro, wurin da ya fi matsewa, kamar rabin milimita zuwa milimita ɗaya kafin bakin ramin, can ake so wanki da ciko su tsaya. Sau da yawa bakin ramin ma a gefe yake ɓullowa, hoto kuwa inuwa ce kawai, ba ya nuna wannan. Shi ya sa ake amfani da na'urar. Na'urorin da can jini ko ruwa na rikita su. Daga farkon shekarun 1990 kamfanin Morita na Japan ya fito da na'urar Root ZX, mai aika sigina iri biyu ta kwatanta su, sai ruwa a cikin rami ya daina zama babbar matsala. Duk da haka tana ɓata awo. In allurar ta taɓa tsohon cikon ƙarfe, ko jini ya cika har ya malalo kan dasashi, ko haƙorin yaro ne da saiwarsa ba ta gama rufewa ba, ko batir ya yi sanyi, za ta ba ka lambar da ba ita ba.

Sagir Ƙofar Ƙaura: Alhamdulillahi. Likita da bakinsa ya ce tana ba da lambar da ba ita ba. Malam Bishir, mene ne sunan wannan a Hausa?

Malam Bishir: Kuskure. Kuma duk abin da ya lissafa, sakacin mai aiki ne. Wa ya hana shi canza batir?

Hajiya Turai: Ku dai kullum haka kuke, ma'aikatan asibiti. Ɗanku ba ya laifi, na'urarku ba ta laifi, mara lafiya ne kaɗai mai laifi.

Malam Bishir: Yaya Turai, yanzun nan na ɗora laifin a kan mai aiki.

Hajiya Turai: Don ka wanke na'urar ne, ba don tausayin baiwar Allahn nan ba.

Ɗan Daura: Ni abin da ban gane ba, ana ta rigima kan rabin milimita. Rabin milimita fa! Kakanninmu a Daura kanumfari suke sawa, in ya ƙi a cire haƙori a huta. Wa ya auna musu saiwa?

Abba Sabon Layi: Su nawa suka kai shekara sittin da turamensu a baki?

Ɗan Daura: Kai yaro, kakana da asuwaki kaɗai ya rayu, har ya rasu yana tauna ƙashi. Ku mutanen birni kun ɗauka duk abin da ba ya ƙara da batir ba magani ba ne.

Likita Nura: Kanumfarin nan ba a raina shi ba. Man da ke cikinsa yana cikin wasu magungunan da muke ciko da su har gobe. Amma lafar da zafi yake yi, ba ya fitar da ruɓaɓɓiyar jijiya. Rabin milimitar kuma ba wasa ba ce. Ka tsaya da nisa, ka bar ƙwayoyin cuta a ƙarshen rami. Ka zarce, ka tsokano nama da ƙashi, ka tura musu datti.

Ɗan Daura: Kun ji ko? Kanumfarinmu suke saya su sayar mana da tsada.

Sagir Ƙofar Ƙaura: Ni tambayata ma, wanda ya yi mata aikin likita ne kuwa? Yanzu duk wanda ya sa farar riga likita ake ce masa.

Malam Bishir: Sagir, in da ni kake ka fito fili. Ban taɓa kiran kaina likita ba, kuma takardata tana nan.

Sagir Ƙofar Ƙaura: Ban kira suna ba, Malam.

Hajiya Turai: Wanda ya tsargu ai da shi ake.

Likita Nura: Maman Ilham, ki ji. Turmin ƙasa rami uku gare shi galibi, wani huɗu. Mai yiwuwa an bar ɗaya, mai yiwuwa cikon ne ya yi tudu yana riga sauran haƙora haɗuwa. Ni ba na gama wannan aiki ba tare da hoto ba, ko da na'urar ta nuna.

Malam Bishir: Ina jira Sagir ya janye maganar farar riga.

Shugaban rukuni: To ya isa haka, dare ya yi. A taƙaice abin da aka cimma: masana sun tabbatar na'urar ingantacciya ce, tun 1962 ake aiki da ita, ta fi hoto, kuma kalmar "ƙarya" ba ta dace da ita ba, kamar yadda Malam Bishir ya yi bayani tun farko. Masu musu ba su kawo hujja ba sai agogo da kanumfari. Sagir ka nemi afuwar Malam, ya girme ka.

Sagir Ƙofar Ƙaura: Shugaba, ina ka ajiye maganar batir da jini da cikon ƙarfe? Ina ka ajiye inda Likita ya ce shi ba ya gamawa sai da hoto?

Maman Ilham: Likita Nura, don Allah, kumatun ya ɗan fara kumbura da yamman nan. In koma wurin wanda ya yi min ne, ko in nemi wani asibitin?

Likita Nura: In kumburin ya ƙaru, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiya ta yi miki wuya, kada ki jira gari ya waye. In ba haka ba gobe da sassafe ki je inda suke da na'urar hoto, ki ce a ɗauki haƙorin kafin kowa ya taɓa shi.