Neman shawara: sau biyu ana dawo min da takardun bizar matata

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara dan wallahi kaina ya ƙulle. Ni ina zaune a Amurka, na samu takardar zama ɗan ƙasa, matata kuma tana gida, aurenmu yanzu shekara ɗaya da wata bakwai. Na cike mata fom ɗin neman kawo iyali, I-130 da I-130A, hukumar shige da fice ta Amurka wato USCIS sun amince, fayil ya wuce cibiyar biza ta ƙasa wato NVC, na biya dala 325 ta biza da dala 120 ta takardar ɗaukar nauyi, ta cike fom ɗin neman biza DS-260, na ɗora komai a CEAC, shafin intanet da ake tura takardun, ina murna na zata an gama. To sau biyu kenan ana dawo da wasu takardun. Na farko laifina ne, hukuncin kotu na rabuwata da matata ta farko shafi huɗu ne, ni kuma uku na yi sikanin, na bar na ƙarshe wanda sa hannun alƙali ke kai saboda yana bayan takardar ban ma lura ba. Na gyara wannan. Yanzu kuma matsala uku ce a gabana. Sunan mahaifinta a takardar haihuwa harafi ɗaya ya bambanta da na fasfo, can an ninka harafin nan ba a ninka ba. Sannan an ce a kawo takardar 'yan sanda ta Masar, ta yi karatu a can wata goma sha huɗu kafin mu yi aure, ni ban san ma ana bin wannan ba. Sai kuma kuɗin shigata na bara dala 29,000 ne, ni a lissafina ya isa amma an rubuto cewa mai yiwuwa in buƙaci wani ya tsaya min. Akwai wani ejan da aka haɗa ta da shi, ya ce a ba shi kwana uku zai fito mata da sabuwar takardar haihuwa da ta yi daidai da fasfo, maganar Masar kuma wai a goge ta daga fom ɗin kawai babu wanda zai sani. Zuciyata ba ta kwanta ba amma na gaji, kullum muka yi waya sai ta yi kuka. Me zan yi?

Abban Yara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa tun kafin a je ko'ina, ka ce mata ta toshe lambar ejan ɗin nan yau yau. Ta riga ta rubuta Masar a DS-260 ta tura, bizar Masar da hatimin shiga da fita suna cikin fasfonta, ta ina za a goge? Kuma ƙarya a neman biza ba irin laifin da ake cewa je ka dawo bayan shekara ba ne, dokarsu ta shige da fice, sashe na 212(a)(6)(C)(i), haramci ne na har abada sai in an nemi afuwa an samu, ita ma ba a sama ake tsintar ta ba. Harafi ɗaya ba ya hana biza. Takardar bogi tana hanawa.

Maman Biyu:
Allah sarki, ni ma haka aka yi da ni wallahi, sunana kala uku ne a takarduna, na makaranta daban na haihuwa daban na fasfo daban, duk sunan guda ne rubutu ne kawai kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Abin da muka yi shi ne, a DS-260 akwai wajen da ake tambaya ko ka taɓa amfani da wani suna, na zuba su duka yadda suke a kowace takarda, na je kotu na yi rantsuwa cewa duk ni ce mutum ɗaya, maigidana ya rubuta ɗan bayani layi biyar ya haɗa da takardar haihuwar ya ɗora. Ranar intabiyu jami'ar ta ɗaga takardar haihuwa ta kalli fasfo ta ce wanne ne daidai, na ce na fasfo, ta ce to, ta wuce tambaya ta gaba. Wata biyu ina rashin barci akan abin da bai ɗauki minti ɗaya ba. In ta riga ta tura fom ɗin ba ta sa ɗaya rubutun ba kar ta damu, ana iya neman a buɗe mata shi ta gyara, ko ta faɗa da bakinta a gaban jami'in kafin ya tambaya.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai a ganina rantsuwar kotu ta wadatar, ko takardar haihuwar ma ba sai an kai ba.

Hajiya Babba:
A'a ɗana, kar ka ɗora shi a hanyar da ba ta ɓullewa. Rantsuwa tana bayani ne akan bambancin, ba ta zama madadin takardar haihuwa. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da jeri na kowace ƙasa a duniya, an rubuta wace hukuma ce ke ba da takardar haihuwa da ta aure da ta saki da ta 'yan sanda wadda suke karɓa, har da yadda kamanninta yake. Mai tambaya ka nemi na ƙasar matarka ka karanta shi da kyau, sannan ka nemi na Masar shi ma, nan za ka ga yadda wanda ya bar ƙasar yake neman tasa. In kuna son a gyara harafin ne ma to hukumar da ta bayar da takardar tun farko ita ce mai gyarawa, ba mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa ba, kuma ku riƙe tsohuwar kar ku yar.

Maganar 'yan sanda kuma ga yadda take. Duk wanda ya kai shekara 16 zai kawo ta ƙasarsa in ya zauna wata 6 ko fiye, da ta ƙasar da yake zaune yanzu in daban ce ita ma wata 6, sai kuma duk wata ƙasa da ya taɓa zama wata 12 ko fiye bayan ya cika 16. In an taɓa kama mutum a wani wuri kuwa ko kwana nawa ya yi sai ya kawo. Taka ta yi wata 14, ka ga ta shiga. Da wata goma ta yi da babu ruwanta. Kuma tunda da Larabci za ta fito sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya rubuta a ƙasa cewa ya iya harsunan biyu kuma fassarar daidai take, ya sa hannu. Ku haɗa asalin da fassarar a fayil ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya, Allah ya saka. To ta gida da muka riga muka karɓa fa, kar ta mutu kafin ta Masar ta fito? Wani ya ce min shekara ɗaya ce.

Hajiya Babba:
Da can ne shekara ɗaya, yanzu biyu ce. Ta Masar kuma in dai ba ta sake komawa ba tun da aka bayar ba ta mutuwa.

Malam Mai Lissafi:
Bari in taɓa maganar kuɗi dan na ga inda lissafin ya zame maka. Kai ka ƙirga mutum biyu, kai da madam, kuma a jadawalin 2025 kashi 125 cikin ɗari na layin talauci, wato mafi ƙarancin kuɗin shigar da ake nema wajen mai ɗaukar nauyi, na mutum biyu dala 26,437 ne, shi ya sa ka ga 29,000 ta wuce. Amma ka ce ka taɓa aure. Akwai ɗa a tsakani?

Mai tambaya:
Akwai yarinya ɗaya, shekararta shida, tana wajen mamanta amma ni nake sa ta a takardar harajina.

Malam Mai Lissafi:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ku uku ne ba biyu ba, ko da ba a gidanka take kwana ba, kuma na mutum uku dala 33,312 ne a wancan jadawalin, ka duba na bana dan duk shekara yana ɗan hawa. Giɓinka kenan wajen 4,312. Hanya uku gare ka. In albashinka na yanzu ya fi na bara, ka karɓo wasiƙa daga wajen aiki mai nuna nawa kake ɗauka a shekara, ka haɗa da takardun albashi na watannin baya, dan abin da kake samu yanzu shi ma ana dubawa ba na bara kaɗai ba. Ko ka cike da dukiya, ga matar ɗan ƙasa ninki uku na giɓin ake nema, wato in kana da wajen dala 13,000 a ajiye a banki ta rufe, amma kuɗin da aka zuba jiya aka cire gobe kowa ya san rance ne. Ko kuma ka samu wanda zai tsaya maka, ɗan ƙasa ko mai girin kad wato katin zama na dindindin, ya kai shekara 18, yana zaune a Amurka, kuɗin shigarsa shi kaɗai ya ɗauki iyalinsa har da matarka, ba a haɗa naka da nasa a ce ya kai. Zai cike nasa fom ɗin ɗaukar nauyin, wato I-864, kai ma dole ka cike naka ko da bai kai ba.

Sai dai dan Allah in za ka roƙi mutum ka gaya masa gaskiyar abin da zai sa wa hannu. Ba takardar shaida ba ce ta na san shi mutumin kirki ne, alƙawari ne da gwamnati da za a iya kai mutum kotu a kansa, kuma yana nan har sai ta zama 'yar ƙasa ko ta tara zangon aiki 40, kusan shekara goma kenan, ko ta bar ƙasar ta ajiye katin. Ko aure ya mutu, Allah ya kiyaye, alƙawarin bai mutu ba. Na ga abota ta shekaru ta lalace akan wannan saboda an ce wa mutum sa hannu ne kawai. Sannan ka ciro takardar bayanin harajinka kai tsaye daga hukumar haraji IRS, kyauta ce, ta fi sauƙi akan ka ɗora fom ɗin haraji da tarkacensa ka manta W-2, takardar albashin shekara da wajen aiki ke bayarwa, a sake dawo maka karo na uku.

Maman Biyu:
Af na manta, duk abin da ka ɗora hoto ne, ranar intabiyu asalin takardun za ta riƙe a hannu, har hukuncin sakin nan naka wanda kotu ta buga wa hatimi, dan haka ka fara tunanin yadda zai isa hannunta tun yanzu. Ni a jaka mai aljihu-aljihu na jera nawa, kowane aljihu na manna 'yar takarda na rubuta abin da ke ciki, saboda in ka tsaya gaban gilashin nan hannu rawa yake. Hotuna biyu inci 2 da 2, fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ta shiga. Kuma kar ta yi gaggawar gwajin asibiti, sai an sa ranar intabiyu, kuma wajen likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi kaɗai, dan bizar ba ta wuce wata shida kuma da gwajin ake lissafa ta.

Abban Yara:
Wani abu da zai ɗan sanyaya maka rai. Ka ce shekara ɗaya da wata bakwai. In ta shigo aurenku bai cika shekara biyu ba katin shekara biyu za a ba ta mai sharaɗi, CR1, sai kun sake cike fom ɗin cire sharaɗin, I-751, cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare, wani kuɗin wani jiran. In kuwa ranar da ta sauka a filin jirgi aure ya cika biyu, na shekara goma ne. To ko da takardar Masar za ta ci maka wata biyar, ba duka ne asara ba. Kawai kar ka bar fayil ɗin shiru har shekara guda ba ka taɓa shi ba, ana iya fara shirin rufe shi. Kuma ka riƙa leƙa sanarwar ofishin jakadancin da za ta je, dokoki akan ƙasashe suna canzawa.

Wani ɗan'uwa:
Hajiya na karɓi gyara. Amma ni da lauya na yi nawa, bai fi masa ya ɗauki lauya ba?

Hajiya Babba:
In da akwai tsohon laifi ko an taɓa hana ta biza akan ƙarya ko ta taɓa wuce wa'adi a Amurka, da ni zan fara ce masa ya nemi lauya. Wannan kam harafi ne da takarda ɗaya da lissafi, zai iya da kansa, in kuma kuɗin bai dame shi ba ya biya na zama ɗaya a duba masa I-864 ɗin.

Mai tambaya:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun yi waya yanzu, ta toshe ejan, ashe har ta ba shi kafin alƙalami ba ta gaya min ba dan kar in yi faɗa, na ce a bar masa. Na duba takardar albashina, tun watan uku aka ƙara min, in an lissafa shekara yana kai 34,500, gobe zan nemi wasiƙar a ofis. Malam Mai Lissafi, tunda da ƙyar ya haura, in nemi mai tsaya min duk da haka in ajiye ko in tura haka nan?

Malam Mai Lissafi:
Ka tura haka da wasiƙar da takardun albashi na wata shida da bayanin banki, amma ka yi wa mutum ɗaya magana ya cike nasa ya sa hannu ta tafi da shi a jaka ranar intabiyu. In jami'in bai tambaya ba ta dawo da abinta, in ya tambaya ta miƙa a take, ya fi a ba ta takardar 221(g), wadda ake bayarwa in an riƙe biza sai an kawo ƙarin takardu, ta koma gida jira.