Karan da ya ƙosa, shanu suka ƙi ci

Mai kiwon turke, Funtuwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Bara na makara wajen kwashe karan dawa, sai da hunturu ya ratsa shi a gona. Bijimaina biyu suka tsince ganyen, suka bar mini sandunan a gindin turke. Har ramewa suka yi. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Makiyayi, Maraɗi: Wa alaikumus salam. Haka gamba take mana. Farkon damina shanu har rububinta suke yi, amma da ta fitar da kai, sai dai mu yanka mu yi zana.

Uwargida, Kaduna: Ni a kuɓewa na gani. Kwana huɗu na yi tafiya ban tsinka ba, na dawo wuƙa tana ƙara a jikinta kamar ina yankan ice. Na dafa har gawayi ya ƙare, zaren nan yana nan.

Malamar kimiyya, Zariya: Hajiya, ko kwana za ki yi kina dafawa ba zai narke ba, liginin ne, sinadarin da ke sa shuka tauri kamar ice. Muna ɗalibai mun yanka kara siriri, muka ɗiga masa fuloroglusinol, sinadarin da ke rina liginin ja, da asid, muka leƙa a madubin likita: jijiyoyin da ke kai ruwa sama suka yi jawur, ɓargon tsakiya kuwa kusan fari. Har yau ina tuna wannan ja.

Ƙwayar halittar shuka tana farawa da sinadarin fenilalanin, ta ƙera wasu ƙananan tubala iri uku daga gare shi, ta turo su cikin bangonta. A can sinadaran lakes da feroksides ke sa su sarƙe da juna, su cike tsakanin zaren selulos, wato zaren da aka gina bangon da shi, kamar siminti a jikin rodi. Wannan shi ne liginin, da shi dawa ke tsayawa iska ba ta kayar da ita. To ƙananan halittun da ke tumbin saniya, masu narka mata abinci, selulos suke ci, liginin kuma ya lulluɓe shi, kuma idan shuka ta shimfiɗa shi ba ta kwashewa.

Mai kiwon turke: Malama, yanzu wanda ke jibge a rumfa fa?

Manomi, Bichi: Alhaji, daddatsa shi ƙanana. Ni nakan narka takin yuriya kilo 4 a ruwa, in yayyafa wa kara kilo 100, in danne da leda mako uku. In na buɗe, warin har hawaye yake sa ni, sai ya sha iska kafin in zuba musu. Kada ka ba jaki ko doki. Bana dai ranar da na yanke zangarniya, ranar na sare karan na kai inuwa, da sauran kore a jikinsa.