Tanjidor: kiɗan Betawi ne ko badujalar Holan?

Mai Shago: Jama'a, na ga bidiyon wani biki a Jakarta, ana raka ango da ƙahonin tagulla da wata ƙatuwar ganga. Wai sunansa tanjidor, kiɗan gargajiyar Betawi, wato 'yan asalin birnin Jakarta na Indonesiya. Gargajiyar wa? Wannan ai badujala ce tsagwaronta. Turawan Holan suka kawo ta, suka tafi suka bar ta.

Tsohon Soja: Ɗana, a kan kaya ba ka yi ƙarya ba. Kilarinet, turambon, begila, ganga mai tsarkiya, duk na fareti ne. Na taka sawu a bayansu shekara da shekaru.

Malamar Tarihi: Baba, a gafarce ni, amma a tambaya bakin wa ke busawa. Tun da kamfanin kasuwancin Holan ya kafa Batabiya a 1619, wato Jakartar yau, ake jigilar bayi zuwa garin daga Bali da Sulawesi da sauran tsibirai. Attajiran Turawa kan ware wasu bayin su koyi busa, su yi musu kiɗa lokacin liyafa. Augustijn Michiels, mai gandu a Citeureup kusa da Bogor, wanda ya mutu a 1833, ya shahara da irin wannan ƙungiya. Da aka haramta bauta a 1860, kiɗan bai bi iyayen gida ba, wajen masu busan ya zauna. Su Betawi kansu daga cuɗanyar waɗannan mutane da Malay da Sunda da Sinawa da Larabawa suka fito.

Mai Shago: To ai kin ƙara mini hujja, Malama. Kiɗan bauta ke nan. Ko sunan ma an ce na Fotugal ne.

Malamar Tarihi: Haka ne, daga *tangedor*, mai kiɗa. Sunan algaita fa? Daga Larabcin Magrib ya zo. Je ka ƙofar fada ka ce wa mai algaita kayan aro yake busawa, ka dawo ka ba mu labari.

Tsohon Soja: Kai, ta kama ka!

Ɗalibi a Depok: Ni ina nan kusa da su. Masu tanjidor galibi manoma ne daga gefen birni, Bekasi da Tangerang da nan Depok. A da in an gama girbin shinkafa sai su saɓi ƙahoni su shiga gari, gida-gida, musamman a bikin Cap Go Meh na Sinawa. A shekarun 1950 magajin garin Jakarta, Sudiro, ya hana wannan yawon. Yanzu sai a aure, ko rakiyar yaron kaciya, ko a Setu Babakan, unguwar raya al'adun Betawi. Na ga wani tsoho da ƙaho duk lamɓa, an like shi da dalma. Sukan fara da maci irin na Holan, can kuma su juya zuwa waƙoƙin Betawi, wasu har da ƙara tehyan, gogen Sinawa.

Mai Shago: Ka ji ko? Da macin Holan suke farawa.

Tsohon Soja: Goge a cikin badujala? A barikinmu da saje ya ji haka, sai gadurum. Ɗana, ka sake kallon bidiyon nan, ka duba ƙafafunsu. In kowa na taka nasa, ba fareti ba ne.

Mai Shago: Zan duba, Baba. Amma ban janye ba tukuna.