Fentin ɗan matsafin D&D cikin hunturu, kowa ya faɗi yadda ta kaya masa

Daga Ringim:
Salam jama'a. Yayana ne ya aiko min da ɗan mutum-mutumin matsafi na roba, na wasan Dungeons & Dragons ɗin nan da ake jefa dayis mai fuska 20, tsayin matsafin duka bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, ga gemu ga sanda ga doguwar hula. Hunturun nan ne ya hana ni sakat, ina ɗiga fenti a murfin kwalba kafin in tsoma buroshi har ya yi fata a sama. Waɗanda suka taɓa yi dan Allah ya kuka yi?

Daga Bichi:
Ɗan uwa in dai fentin akirilik ne to ruwa ne a cikinsa, iskar nan kuwa shanye shi take nan take. Ni robar abinci mai murfi na samu na shimfiɗa soso siriri a ciki na jiƙa shi sharkaf amma kar ruwan ya kwanta, sai na ɗora takardar gashin kek a kai, a kanta nake zuba fentin, wlh tun bayan la'asar har isha'i bai bushe ba, in ka rufe ma gobe ka tarar da shi da ɗanyensa. Kuma ba dole sai fentin kamfanin Vallejo na Sifen ko Citadel na Ingila ba, kuɗinsu ya fi ƙarfina, na masu zane da na siyo a Sabon Gari nake sirkawa da ruwa, shafa biyu ko uku siriri siriri.

Daga Gumel:
Mu nan ƙura ce bala'in. Kana gama shafawa kife masa kwano. Kuma ka fara wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, akwai maiƙon da yake fitowa da shi daga kamfani, fenti baya kama shi.

Daga Wudil:
Ku ɓoye shi daga yaran gida!! Ƙanwata ta ga na fita gona ta ce bari ta taimaka min, ta shafe hular da jan farce, na dawo na tarar hular ta yi laushi duk zanen taurarin da ke jiki ya narke ya zama sumul.

Daga Kazaure:
Hhh Malam na Wudil naka mai sauƙi ne. Ni kakata ce ta leƙo ɗaki da daddare ta ganni da fitilar waya a baki, na manna abin a kan murfi da cingam ina ta ƙura masa ido, sai ta hau salati wai yaushe na fara bin bokaye. Na ce Hajiya wasa ne na ba da labari, tun 1974 ake yinsa a Amurka, kowa da ɗan wasansa a kan tebur. Ta ce ita dai kar ya kwana a ɗakin da ake sallah. Yanzu a shagon abokina nake yi.

Daga Birnin Kudu:
Gemun ne ya fi min daɗi gaskiya. Na fara da toka-toka mai duhu, ya bushe, sai na ɗebo fari da tsohon buroshi na goge shi a tsumma har kamar ba komai a jiki, na dinga shafawa a hankali daga sama zuwa ƙasa, sai ga gashin yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. A nan kam hunturu taimako yake yi. Alkyabbar kuma shuɗi na yi mata kamar rinin Ƙofar Mata, na tsinka baƙi da ruwa sosai na bari ya gangara cikin lanƙwasar.

Daga Gumel:
To idon fa yallaɓai? Ni da tsinken sakace na ɗiga nawa, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon Maigatari, abokan wasa sun sa masa suna Mai Harara kuma sun hana ni gyarawa.